Awon ciki: me ya sa wadda ta yi makaranta ke riga isa asibiti?

A ɗakin awon ciki, ko a wace ƙasa yake, tambayar farko kusan ɗaya ce: yaushe kika ga jinin al'adarki na ƙarshe? Wata mace za ta ce ranar 9 ga Maris ya fara. Nan take ungozoma za ta ƙara kwana 7 da wata 9 a kan wannan rana, ta rubuta 16 ga Disamba a matsayin ranar da ake sa ran haihuwa, ta kuma san yau cikin yana mako na nawa. Wata macen kuwa sai ta yi shiru, ta ɗan ƙirga da yatsu, ta ce ai an kwana biyu, ko wata huɗu ko biyar. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma kowacce ta san jikinta. Sai dai ta farko ta ba da amsa irin wadda katin asibiti ke da gurbinta, ta biyu kuwa sai an zauna an warware mata lissafi, ga layi ya kai bakin ƙofa. Tun daga wannan tambaya hanyoyinsu suke fara rabuwa.

Alƙaluma sun daɗe suna faɗin abin da ma'aikatan lafiya ke gani da idonsu. A shekarar 2011 aka buga wani nazari da aka yi a kan bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya duba mata sama da 287,000 da suka haihu a asibitoci 373 a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Latin Amurka. Macen da ba ta taɓa zuwa makaranta ba, haɗarin ta rasa ranta ya ninka na wadda ta yi karatu fiye da shekara 12 har sau 2.7. Wadda ta yi shekara ɗaya zuwa shida a aji, nata ya ninka sau biyu. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan matan a asibiti suka haihu. Wato ko bayan mace ta tsallake nisa da kuɗin mota da neman izini ta iso hannun ma'aikata, matakin karatunta yana nan biye da ita har kan gadon haihuwa.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1979 masanin ƙididdigar jama'a ɗan ƙasar Ostireliya, John Caldwell, ya nuna cewa karatun uwa yana cikin abubuwan da suka fi tasiri a kan ko ɗanta zai rayu ko ba zai rayu ba. A 2010 mujallar Lancet ta buga wani lissafi da ya ce, cikin raguwar mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar da duniya ta samu tsakanin 1970 da 2009, kusan rabi ana iya danganta shi da ƙaruwar karatun mata. Gaskiya ne cewa wadda ta yi makaranta sau da yawa ta fi samun abin hannu, ta fi zama kusa da asibiti, kuma ba ta cika ɗaukar ciki da ƙuruciya ba. Idan aka cire tasirin waɗannan daga lissafi, giɓin yana raguwa. Amma a yawancin wurare ba ya rufewa, kuma wannan ragowar ita ce ta fi damu na.

Abin da nake so a tsaya a kai shi ne yadda muke fassara wannan giɓi. Fassarar da ta fi sauƙi, wadda ake ji a taruka da ma a bakin wasu ma'aikatan lafiya, ita ce jahilci: ba su san muhimmancin awo ba, a wayar musu da kai. Ni ban yarda da ita ba. Ba a koya wa 'yar aji biyar na firamare alamomin jijjigar masu ciki ko ranar da ake fara shan ƙwayar ƙarin jini. Mace na iya gama sakandare ba ta taɓa jin kalma ɗaya a kan hawan jini na masu ciki ba. To me makarantar ta ba ta da ya sa ta riga 'yar'uwarta zuwa awo?

Masu bincike Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu sun shafe shekaru suna bin wannan tambaya a Meziko da Nepal da Benezuwela da Zambiya. Sun gwada iyaye mata a kan karatu, da fahimtar saƙon lafiya irin wanda ake watsawa a rediyo, da kuma iya ba da labarin rashin lafiya a tsare, kamar yadda za a faɗa wa likita. Abin da suka tarar shi ne makaranta tana koya wa yarinya wani salon magana da sauraro wanda shi ne ake amfani da shi a ofis da asibiti: zama gaban baƙon da ya fi ka sani, sauraron bayani a kan abin da ba ya gabanka, amsa tambaya kai tsaye, jera magana daga farko zuwa ƙarshe. Asibiti da makaranta 'yan gida ɗaya ne. Dukansu suna da layi da kati da rajista da ranar dawowa da mutum mai kayan aiki zaune a bayan tebur. Yarinyar da ta yi shekara tara tana shiga irin wannan wuri kullum, idan ta girma ta shiga asibiti ba ta jin kanta bare. Wadda ba ta yi ba, ranar awonta na farko ita ce ranar farko da ta shiga irin wannan duniyar, ga ta da ciki, ga tsoro.

Saboda haka a ganina matsalar ta kasu biyu, kuma muna yawan kallon rabi ɗaya. An gina asibiti ne bisa zaton cewa duk mai shigowa ta iya karanta allo, ta san kalanda, tana ƙirga ciki da makonni, kuma ba ta jin nauyin cewa "ban gane ba". Macen da ke ɗauke da ciki yau ba za ta iya komawa aji ɗaya kafin ta haihu ba. Wata tara ke gare ta, ko ƙasa da haka. Asibitin kuwa yana iya canza yadda yake magana daga gobe.

Mu dubi maganar lokaci, domin a nan ne ake tafka asara mafi yawa ba tare da an sani ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan ganawar mai ciki da ma'aikacin lafiya daga huɗu zuwa takwas, bayan da aka ga cewa tsarin huɗun yana tattare da ƙarin mutuwar jarirai a ciki da kuma jim kaɗan bayan haihuwa. Ta ce a fara kafin ciki ya wuce mako 12, sannan a dawo a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Biyar daga cikin takwas ɗin suna cikin makonni goma na ƙarshe, lokacin da hawan jini ya fi tasowa, kuma ake buƙatar sanin kwanciyar ɗa da girmansa. Gaba ɗaya tsarin da makonni aka rubuta shi. Macen da ke ƙirga cikinta da fitowarsa ko da motsin ɗa, ba za ta ga dalilin zuwa ba sai ya kai wata biyar ko shida, kuma a nata lissafin ba ta makara ba.

Ga abin da ya wuce ta kafin nan. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna haɗewa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, shi ya sa folik asid, bitamin da ke taimaka wa wannan haɗewar, ya fi amfani idan an fara shi tun kafin a ɗauki cikin. Cutar tunjere, wadda mace kan ɗauke ta ba tare da wata alama ba, tana sa ɓari da haihuwar ɗa babu rai, alhali gwajinta na ɗigon jini ne, maganinta kuma allurar fenisilin ce, muddin an yi da wuri. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, gwargwadon saurin fara maganinta gwargwadon kariyar jaririnta. Hoton ciki da ake so a yi kafin mako na 24 shi ne ke tabbatar da shekarun ciki da gano tagwaye. Idan an yi shi a makare, lissafin ranar haihuwa kan kauce da makonni. Matan da ke cikin haɗarin jijjiga, kamar wadda ta taɓa yi a cikin baya, ko mai hawan jini tun asali, ko mai ciwon suga, ko mai tagwaye, ana ba su asfirin ɗan kaɗan, miligiram 75 a rana, kuma ana so a fara kafin mako na 20. A yankunan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, maganin rigakafinsa ana fara shi ne daga mako na 13, a riƙa maimaitawa da tazarar aƙalla wata guda, har a samu aƙalla sau uku. Allurar tetanus ga wadda ba ta taɓa yi ba tana buƙatar biyu, da tazarar mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Wadda ta zo awon farko da cikin wata bakwai da rabi, da ƙyar lokaci zai ishe ta ko da waɗannan biyun na ƙarshe.

Akwai wani abu kuma da ya fi kalanda zurfi. Zuwa asibiti kana lafiya ƙalau ba abu ne da hankali ke bayarwa haka kawai ba, koyonsa ake yi. Duk mai hankali ya san mara lafiya ke neman magani. Mai cikin da take cin abinci, take aikinta, ba ta jin ciwon komai, idan ta ce me zan je yi, ba wauta ta yi ba. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, mafi haɗarin cututtukan ciki ba sa sallama. Hawan jini na masu ciki yana tasowa bayan mako na 20: awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama, fitsari ya nuna furotin, ita kuwa tana jin kanta garau. Kafin ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani da ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama su bayyana, abin ya riga ya yi nisa, mataki na gaba kuma jijjiga ce. Gano shi bai wuce ɗaura abin awon jini a damtse da tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari ba, aikin minti biyar. Idan ya kai 160 bisa 110, magana ce ta gaggawa: maganin sauke jini, allurar maganiziyam salfet don tare jijjiga, da shirin raba ta da cikin. Wadda ta yi makaranta ta saba da cewa lamba a takarda na iya nuna abin da jiki bai ji ba tukuna, kamar yadda makin jarrabawa ke nuna abin da ɗalibi bai zata ba. Wadda ba ta yi ba, sai an faɗa mata wannan a fili, da kalmomin da za ta iya maimaita wa mutanen gida. Sau nawa ake faɗa? Abin da aka fi yi shi ne a auna, a rubuta a kati, a ce "na gaba". Ta tafi ba ta san an auna wani abu ba, balle ta san abin da ya nuna.

Ƙwayar ƙarin jini ma misali ce mai kyau, domin ƙanƙanuwa ce amma a kanta ake gane komai. Ana so kowace mai ciki ta riƙa shan sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kullum. Ƙwayar tana mai da bayan gida baƙi, tana iya ɗaure ciki, tana iya tayar da zuciya. Mace ta karɓa a ƴar leda, ta sha kwana uku, ta ga bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin. Idan ta iya karatu, za ta duba takardar da ke cikin kwali ko ta tambayi wayarta, hankalinta ya kwanta. Idan ba ta iya ba, kuma babu wanda ya gargaɗe ta, abin da duk uwa mai tsoron lafiyar ɗanta za ta yi shi za ta yi: ta daina sha, ta yi shiru. Ranar dawowa a tambaye ta ko tana shan maganinta, ta ce e, don gudun faɗa. Jimloli kaɗan da sun hana wannan: bayan gidanki zai yi baƙi, ba komai ba ne, idan yana tayar miki da zuciya ki sha da dare ko bayan kin ɗan ci wani abu, kada ki kora shi da shayi, kuma ki raba lokacinsa da na ƙwayar kalsiyam, domin suna hana jiki tsotse shi. Abin da ke biyo bayan shirun ba ƙarami ba ne. Ana cewa mai ciki tana da ƙarancin jini idan gwajin ƙarancin jini ya nuna lambar da ta gaza 11, mai tsanani idan ya gaza 7. Zubar jini bayan haihuwa, wato rabin lita ko fiye, shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu haihuwa a duniya. Mai cikakken jini tana iya jure abin da zai kai mai ƙarancinsa ƙasa cikin sa'o'i biyu.

A 1994 masu bincike Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka fito da bayanin jinkiri uku da har yau ake aiki da shi: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. An fi danganta karatu da na farko, kuma haka ne, sai dai ba ta hanyar da ake zato ba. Sau da yawa mace ta riga kowa sanin cewa wani abu ba daidai ba ne. Ita ce ta ji motsin ɗa ya ragu tun jiya. Tambayar ita ce ko maganarta za ta ɗaga wani daga zaune. Karatu yana ƙara wa mace nauyin baki a cikin gida, sau da yawa yana ba ta kuɗin kanta, yana kuma ba ta kalmomin da za ta ce "an gaya mini idan na ga kaza in koma nan take" har a ji. Shi ya sa bayanin da aka yi wa mace ita kaɗai a bayan labule, ba tare da wanda ke riƙe da kuɗi da abin hawa ya ji ba, rabin aiki ne.

Jinkiri na uku kuwa shi ne wanda ba a son a taɓa. A 2019 Lancet ta buga wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Ghana da Gini da Myanmar da Nijeriya, inda aka zauna a ɗakunan haihuwa ana kallo, aka kuma bi mata gida aka tambaye su. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sun fuskanci duka ko zagi ko wulaƙanci ko wariya. Waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne masu ƙananan shekaru da waɗanda ba su yi karatu ba. Wannan sakamako ya kamata ya hana mu barci. Muna cewa marasa karatu ba sa zuwa, alhali idan sun zo su ne ake fara ɗaga wa murya. Labarin tsawar da aka yi wa mace ɗaya yana isa kunnen mata goma kafin ta gama wankan jego, kuma ya fi kowace sanarwar rediyo shiga. Na san ma'aikatan suna aiki cikin ƙunci, mutum ɗaya a kan aikin mutum uku, wani lokaci babu safar hannu babu wuta. Amma gajiya ba ta zaɓen wanda za ta sauka a kansa da kanta. Idan kullum a kan wadda ba za ta iya kai ƙara ba take sauka, to akwai abin da ya wuce gajiya.

Kada kuma a ɗauka takardar shaida laya ce. Masu karatu suna da nasu ramukan. Akwai wadda za ta ga kumburin fuska da hannu, ta shiga intanet, ta samu shafin da ya ce kumburi al'ada ce ga mai ciki, ta kwanta. Akwai wadda ta san sunayen magunguna har ta riƙa rubuta wa kanta: ibuprofen don ciwon baya, alhali ana guje masa daga rabin ciki zuwa gaba saboda yana taɓa ƙodar ɗa da ruwan da yake kwance a ciki, ko ta ci gaba da shan lisinopril na hawan jininta ba ta san sai an canza mata shi ba. Akwai wadda aikin ofis ya hana ta zuwa awo har sau biyu a jere. A wasu ƙasashe kuma matsalar masu hali da karatu ta koma yawan shiga tsakani ba gaira ba dalili: a Barazil fiye da rabin haihuwa ta hanyar tiyata ake yi, abin da ya zarce duk wata buƙata ta lafiya. Amurka ta ba da darasi mafi ɗaci. Alƙaluman cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar na shekarun 2007 zuwa 2016 sun nuna cewa baƙar mace mai digiri ta fi farar mace mai digiri haɗarin mutuwa saboda ciki kusan sau biyar, har ma ta fi farar da ba ta gama sakandare ba. Karatu yana koya wa mace yin magana, amma ba shi ke sa a saurare ta ba. Sauraro yana hannun wanda ke ɗaya gefen teburin.

To me za a yi wa wadda take da ciki yanzu? Abu na farko ba ya cin kuɗi. Maimakon a rufe awo da "kin gane?", tambayar da amsarta kullum "e" ce, sai ungozoma ta ce: "Ina so in tabbatar na yi bayani da kyau. Idan kin koma gida aka tambaye ki me aka ce, me za ki faɗa?" Nauyin ya dawo kan mai bayani, mace ba ta ji ana yi mata jarrabawa ba, kuma nan take za a ji inda magana ta karkace. Kada a zuba mata abu goma a zama ɗaya. Biyu ko uku da suka dace da makonta sun isa. Amma alamomin haɗari a maimaita su kowane zuwa, har su zauna: zubar jini ko kaɗan ne, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, zazzaɓi mai kwantarwa, matsanancin ciwon ciki, numfashi da ƙyar, fashewar faya kafin lokaci, da raguwar motsin ɗa. A faɗa mata ƙarara cewa waɗannan ba sa jiran ranar awo, ba sa jiran gari ya waye. A faɗa mata sakamakon awonta da baki, ko da a ce "jininki yau daidai yake" ne kawai, domin ta haka take gane cewa zuwan da ta yi lafiya lau yana da amfani. Katinta ya zauna a hannunta, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, da zane a jikinsa wanda ido ke karantawa ba sai da harafi ba. Ranar dawowa kuma a faɗe ta yadda take ƙirga kwanaki, a ce Talata huɗu masu zuwa, kada a tsaya ga rubuta lambobi a kusurwar kati.

Za a ce babu lokaci, layi ya yi tsawo. Gaskiya ne, kuma amsar ba ta wuce a sake tsara aikin ba. Akwai tsarin awon rukuni, inda mata 8 zuwa 12 waɗanda watannin cikinsu suka zo kusan ɗaya ke zuwa tare kowane lokaci, a duba kowacce ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan a zauna a tattauna. Tambayar da wata ke jin nauyin yi, wata za ta yi ta, kowa ya ji amsa. A gundumar Makwanpur ta ƙasar Nepal an gwada wani abu makamancin haka a cikin ƙauyuka: ƙungiyoyin mata da ke zama duk wata tare da mai jagoranci, wadda ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, su gano matsalolin ciki da haihuwa da kansu, su tsara mafita, kamar asusun gaggawa da abin ɗaukar mara lafiya. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mutuwar sabbin jarirai ta ragu da kashi 30 cikin 100, zuwa awo kuma ya ƙaru. Yawancin waɗannan mata ba su iya karatu ba, kuma ba a jira sai sun iya ba. Pakistan tun 1994, Habasha kuma tun farkon shekarun 2000, sun ɗauki mata daga cikin al'umma suka horar da su suna bin gida gida, don shawarar farko ta iske mace a ƙofar ɗakinta. Ko saƙon waya ma akwai bambanci: shirin Kilkari na Indiya murya yake aikawa kowane mako, daga tsakiyar ciki har ɗa ya shekara, saboda saƙon rubutu yana isa ne ga waɗanda dama su ne suka fi samun bayani.

Duk wannan ba ya rage komai daga hujjar sa yara mata a makaranta da barin su su gama. Hasali ma ita ce hanya mafi tabbas, sai dai mai nisa ce. Kowace shekara da yarinya ta ƙara a aji tana matsar da cikinta na fari gaba, kuma an san cewa masu haihuwa ƙasa da shekara 20 sun fi 'yan 20 zuwa 24 haɗarin jijjiga da cututtukan bayan haihuwa. Siri Lanka ta mai da ilimi kyauta a 1945, ta kuma baza ƙwararrun ungozomomi da ke ziyartar masu ciki har gida, ta zama abin misali wajen rage mutuwar masu haihuwa tun tana cikin ƙasashe marasa ƙarfi. Abin koyi a wurinta shi ne ba ta ɗauki ɗaya ta ajiye ɗaya ba. Gwamnatin da ta ce sai mata sun yi karatu sannan lamarin zai gyaru, ta sallama matan wannan zamani ke nan. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mata kusan 260,000 ne suka mutu saboda ciki da haihuwa a 2023, kuma burin da duniya ta sa wa kanta na sauko da adadin ƙasa da 70 cikin kowace haihuwa 100,000 kafin 2030 yana da sauran tafiya mai nisa.

Akwai wani gyara ƙarami da nake ganin ya kamata kowane asibiti ya fara da shi. Katin awo a wurare da yawa yana da gurbin matakin karatun mace. Ana cikewa, ba a sake waiwayarsa. A ƙarshen kowane wata uku, shugabar sashen ta ware katunan gida biyu, na waɗanda suka gama firamare da na waɗanda ba su gama ba. Ta duba a wane mako kowane rukuni ya fara zuwa, mata nawa suka dawo karo na biyu, nawa aka auna wa jini da fitsari a kowane zuwa, nawa suka ɓace bayan awon farko. Sannan a bi biyar daga cikin waɗanda suka ɓace har gida, a aika wadda ba ita ta duba su ba, ta zauna ta tambaye su abin da ya faru ranar da suka zo.